Lalurar bunƙasar harshe

Lalurar bunƙasar harshe matsala ce da ke sa yaro ya kasa koyon harshensa na farko da saurin da tsararrakinsa suke koya, ko dai wajen fahimtar abin da ake faɗa masa, ko wajen haɗa kalmomi ya bayyana abin da ke ransa, ko duka biyun. Ana kiran matsalar da wannan suna ne idan ta daɗe ba ta wuce ba, tana kuma hana yaro gudanar da harkokinsa na yau da kullum a gida da makaranta, sannan ba a sami wata cuta sananniya da za a ce ita ce ta haddasa ta ba, kamar kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa. A rubuce-rubucen Turanci ana taƙaita sunanta da haruffan DLD. Tana cikin lalurorin da suka fi yawa a tsakanin yara: binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna tana shafar kimanin yaro 7 cikin 100, wato kusan yara biyu a ajin da ke da ɗalibai 30. Duk da haka mutane ƙalilan ne suka san da ita, domin ba ta da wata alama a jiki, kuma yaron da ke da ita yana magana, sai dai maganar ba ta kai ta shekarunsa ba.

A Hausa kalmar "harshe" tana nufin tsokar da ke cikin baki, tana kuma nufin yaren da ake magana da shi. Ma'ana ta biyu ake nufi a nan. Tsokar harshen waɗannan yara lafiyarta ƙalau. Matsalar tana ga yadda ƙwaƙwalwa ke koyon kalmomi da ƙa'idojin haɗa su.

Tarihin sunan

Tun farkon ƙarni na 19 likitocin Turai suke ba da labarin yaran da suke ji, suke da hankali, amma ba su iya magana yadda ya kamata ba. Franz Joseph Gall na cikin na farko da suka yi rubutu a kai. Bayan da Paul Broca ya bayyana a 1861 cewa rauni a wani sashe na gefen hagu na ƙwaƙwalwa yana ɗauke maganar babban mutum, sai aka riƙa kallon matsalar yaran ta wannan fuska, aka ara mata sunan afeziya, wato ɗaukewar magana. Sunan bai dace ba, domin babban da ya yi shanyewar ɓarin jiki ya rasa abin da ya riga ya mallaka ne, shi kuwa yaron tun farko bai samu ba, kuma galibi ba a ganin wani rauni a ƙwaƙwalwarsa.

Daga shekarun 1980 sunan da ya fi karɓuwa a wajen masu bincike shi ne wanda ake taƙaitawa da SLI, ma'anarsa tawayar da ta taƙaita ga harshe kaɗai. Littafin Laurence Leonard na 1998 ya ƙara kafa wannan suna. Sharaɗinsa shi ne yaro ya gaza a gwajin harshe amma ya yi daidai a gwajin basirar da ba ta buƙatar magana, kamar haɗa zane ko jera siffofi. Wannan sharaɗi ya jawo wata ɓarna: yaron da makinsa a gwajin basira ya ɗan yi ƙasa, ba tare da ya kai matsayin tawayar fahimta ba, sai ya faɗa tsakani, ba a lissafa shi a nan, ba a lissafa shi a can, a ƙarshe a hana shi taimako. Ga kuma yawan sunaye. A 2014 Dorothy Bishop ta Jami'ar Oxford ta nuna cewa sunaye fiye da 100 ake amfani da su ga matsala guda.

Don warware wannan ne Bishop da Margaret Snowling da abokan aikinsu suka tattaro masana kusan 60 daga Birtaniya da Ailan da Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan a wani shiri mai suna CATALISE. An fitar da sakamakonsa kashi biyu, a 2016 da 2017. A nan aka amince da sunan da ake amfani da shi yanzu, aka kuma soke sharaɗin tazara tsakanin harshe da basira. Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, ya sa lalurar a ƙarƙashin lamba 6A01.2. Abin lura shi ne duk ƙasashen da suka shiga shirin masu magana da Turanci ne, saboda haka masana a wasu ƙasashe suka ci gaba da tattauna yadda sunan da sharuɗɗan za su zauna a harsunansu.

Yadda yara ke koyon harshe

Yawancin jarirai suna fara gwaranci, irin su "ba-ba-ba" da "da-da-da", tsakanin wata 6 da wata 10. Kalmar farko mai ma'ana takan zo wajen shekara ɗaya. Tsakanin shekara ɗaya da rabi da shekara 2 yaro kan fara haɗa kalmomi biyu, kamar "Mama ruwa" ko "ba ni". A shekara 3 yana yin gajerun jimloli, a shekara 5 kuwa ya riga ya kama mafi yawan nahawun harshensa, ba tare da kowa ya zaunar da shi ya koya masa ba. Akwai bambanci sosai tsakanin yaro da yaro, don haka waɗannan shekaru ma'auni ne kawai.

Masana suna kiran yaro mai jinkirin magana idan ya kai shekara 2 bai mallaki kalmomi 50 ba, ko bai fara haɗa kalmomi biyu ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara sukan kamo tsararrakinsu kafin su shiga firamare, abin da ya sa ba a gaggauta cewa ɗan shekara 2 yana da lalurar. Wannan ne kuma ya ba maganar da iyaye da kakanni kan yi, cewa a ƙyale shi zai yi magana in lokaci ya yi, wani ƙamshin gaskiya. Amma ba kowane yaro ba. Wanda ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa, ko ba ya nuni da yatsa, ko akwai mai irin matsalar a danginsa, ya fi zama cikin haɗari. Matsalar da ta kai yaro shekara 5 kuwa da wuya ta gushe da kanta. Akwai kuma yaran da suka fara magana a kan lokaci, sai daga baya aka gane tawayar.

Alamomi

Alamomin sun bambanta daga yaro zuwa yaro, kuma suna sauya kama yayin da yaro ke girma.

Wurin da aka fi ganin matsalar shi ne nahawu. Jimlolin yaron gajeru ne, kuma yana zubar da ƙananan kalmomi da ɗafe-ɗafen da ke riƙe da jimla. Idan za a kwatanta da Hausa, kamar ɗan shekara 5 ne ya ce "Abba tafi kasuwa" a inda ake jiran "Abba ya tafi kasuwa" ko "Abba zai tafi kasuwa". Ɗan shekara 2 in ya faɗi haka ba laifi ba ne. Shekarun ne suka mayar da shi alama. Fahimtar jimloli masu sarƙaƙiya ma tana ba su wuya. A jimla kamar "Yaron da akuya ta tunkuya yana kuka", mai sauraro sai ya riƙe wane ne ya yi tunkuyi, wane ne kuma yake kuka. Yaro mai lalurar kan kama kalmomi biyu ko uku ya cike sauran da zato.

Kalmominsu ba su da yawa, kuma sabuwar kalma sai sun ji ta sau da dama kafin ta zauna. Wani lokaci yaro ya san kalmar amma ta ƙi fitowa a lokacin da yake nemanta, sai ya cika maganarsa da "abin nan", "wannan ɗin", "ka gane ai". Kalmomin da ba a iya nuna su da hannu, irin su "kafin", "bayan", "sai dai", "ko da yake", sun fi wahalar da su fiye da sunayen abubuwa.

Aike yana tona matsalar fiye da komai a gida. Idan aka ce wa yaro ya je ɗaki ya ɗauko buta, ya kai wa Baba, sannan ya rufe ƙofa, sai ya dawo da abu ɗaya, ko ya tsaya a tsakar gida ya rasa abin da aka ce. Daga nan ake fara kiransa da marar ji ko mai taurin kai. Haka kuma in aka ce ya ba da labarin abin da ya faru a makaranta, sai ya faro daga tsakiya, ya ce "ya buge shi" ba tare da ya faɗi wa ya bugi wa ba. Karin magana da habaici da zaurance da kacici-kacici, waɗanda sauran yara ke jin daɗinsu, sukan wuce shi, domin yana ɗaukar magana a kan fuskarta.

A makaranta yaron kan iya ɓoyewa shekara da shekaru. A ajin da ɗalibai suke amsa wa malami baki ɗaya, ya isa ya motsa leɓe tare da sauran. Yana kallon abin da na kusa da shi ya yi, shi ma ya yi. Sai an zo karatu da rubutu da tambayar da za a yi masa shi kaɗai sannan abin ya bayyana. Wasu yaran sukan koma shiru, wasu kuma takaici ya sa su faɗa da ƙiriniya.

Abubuwan da ake rikita ta da su

In'ina daban take: mai in'ina ya san abin da zai faɗa da yadda zai tsara shi, fitar maganar ce ke sarƙewa. Tsamin baki, inda yaro ke musanya wani sauti da wani, matsalar furuci ce, ko da yake yaro ɗaya kan iya haɗa ta da lalurar harshe. Haka nan linzami, wato zaren da ke ƙarƙashin harshe. A ƙasar Hausa akan kai yaron da ya yi jinkirin magana wurin wanzami a yanke masa linzami ko a cire masa beli. Linzamin da ya yi gajarta sosai yana iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba shi ke hana yaro koyon kalmomi ko nahawu ba, beli kuwa ba shi da alaƙa da wannan ko kaɗan. Yankan yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ya kuma jinkirta neman taimakon da ya dace.

Idan aka sami sanannen dalili, kamar kurumta, ko otizim, ko ciwon Down, ko rauni a ƙwaƙwalwa, ko tawayar fahimta, masana suna cewa lalurar harshe ce mai alaƙa da wannan dalili, ba sa sa ta a ƙarƙashin lalurar bunƙasar harshe. Akwai kuma wani nau'in farfaɗiya da William Landau da Frank Kleffner suka bayyana a 1957, inda yaron da ya riga ya iya magana yake rasa ta. Duk yaron da maganarsa ta koma baya bayan ya fara yana buƙatar ganin likita da gaggawa.

Wannan rarrabewa tana da nauyi a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, waɗanda suke cikin yankin sanƙarau da ya miƙa daga Senegal zuwa Habasha. Sanƙarau na cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yara bayan haihuwa, haka ma ƙyanda da hangum da shawarar jarirai mai tsanani da ciwon kunne mai zubar da ruwa. Binciken da aka yi a Kilifi ta ƙasar Kenya ya nuna cewa wasu yaran da suka warke daga zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa sukan ci gaba da fama da matsalar harshe shekaru bayan haka. Saboda haka gwajin ji shi ne matakin farko ga duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, ko da iyayensa sun ce yana juyowa in an kira shi. Yaro kan iya jin ƙarar ƙofa amma wasu baƙaƙe su riƙa kuɓuce masa.

Dalilai

Ba abu guda ne ke kawo lalurar ba. Gado yana da hannu sosai: tana bin dangi, kuma binciken tagwaye da Bishop da abokan aikinta suka wallafa a 1995 ya nuna cewa in ɗaya daga tagwayen ƙwai ɗaya yana da ita, yiwuwar ɗayan ma yana da ita ta fi ta tagwayen ƙwai biyu nesa ba kusa ba. A 2001 masu bincike a Oxford da Landan suka gano canji a ƙwayar gado mai suna FOXP2, a kuromozom na 7, a cikin wani iyali na Landan da ake kira KE, wanda kusan rabin mutanensa suke da matsalar magana mai tsanani. Jaridu suka yi ta kiranta ƙwayar harshe. Daga baya ta bayyana cewa irin wannan canji ba kasafai ake samunsa ba, kuma ba shi ne dalilin lalurar a yawancin yara ba. Abin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne ƙwayoyin gado masu yawa ne, kowace da ɗan tasirinta, suke haɗuwa da yanayin da yaro ya tashi a ciki.

Hoton ƙwaƙwalwar yaro ɗaya ba ya nuna lalurar, ko da yake in aka kwatanta rukunin yara ana samun ƙananan bambance-bambance. An fi samunta a maza, sai dai tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. A binciken Bruce Tomblin na 1997 a Amurka, kashi 8 cikin 100 na maza ne da kashi 6 na mata. A asibitoci kuwa maza sun ninka mata, abin da ke nuna ana barin 'yan mata da yawa ba a gane su ba.

Akwai ra'ayoyi da dama game da abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar. Paula Tallal tun shekarun 1970 ta ce matsalar tana ga rarrabe sautukan da ke wucewa da sauri. Susan Gathercole da Alan Baddeley a 1990 suka danganta ta da ƙarancin ikon riƙe sautuka na ɗan lokaci. Mabel Rice da Kenneth Wexler suka ce wani sashe ne na nahawu, wato nuna lokacin aikatau, yake jinkirin nuna. Michael Ullman da Elizabeth Pierpont a 2005 suka ce tsarin ƙwaƙwalwa da ke koyon abubuwa masu bin ƙa'ida ne yake da rauni. Kowanne ya bayyana wani ɓangare, babu wanda ya game duka.

Abubuwa biyu ne ake yawan ɗora wa laifi ba bisa ƙa'ida ba. Na farko iyaye: rashin yi wa yaro magana sosai kan iya rage yawan kalmominsa, amma yawancin yaran da ke da lalurar sun tashi ne a gida ɗaya da 'yan'uwan da suka koyi magana lafiya. Na biyu harsuna biyu. Tashi da Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Zabarmanci, ko Hausa da Turanci ko Faransanci, ba ya kawo lalurar, ba ya kuma ƙara ta. Yaron da ke da ita za a gan ta a duk harsunansa. Wanda yake da ƙarfi a harshen gida amma yake fama da harshen makaranta ba shi da lalura, bai dai gama koyon sabon harshen ba ne. Shawarar da akan ba iyaye cewa su daina yi wa yaro harshen gida ba ta da tushe, kuma tana raba shi da kakanninsa.

Yadda take bayyana a harsuna daban-daban

Lalurar tana nan a kowane harshe da aka bincika, amma wurin da take kamawa ya dogara da ginin harshen. A Turanci yaran suna zubar da ɗafa-ƙeyar da ke nuna shuɗaɗɗen lokaci da wadda ke nuna mutum na uku tilo. A Italiyanci, inda kowane aikatau yake ɗauke da ɗafi bayyananne, ɗafin bai cika ba su wuya ba, sai ƙananan wakilan suna da ke zuwa kafin aikatau. Haka abin yake a Faransanci. A Jamusanci da harshen Suwidin ana ganin matsala wajen sa aikatau a gurbinsa.

Wannan ne ya sa fassara gwajin Turanci zuwa wani harshe ba ta wadatarwa. Hausa ba ta nuna lokaci a ƙarshen aikatau. Tana nuna shi ne a ƙaramar kalmar da ke gabansa: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. Tambayar da aka gina don kama ɗafin Turanci ba ta da abin kamawa a nan. A ɗaya gefen kuma Hausa tana da abubuwan da Turanci ba shi da su, waɗanda duk mai auna yaro Bahaushe ba zai tsallake su ba: jinsi a suna da dirka da mahaɗi (gidan Audu, motar Audu), hanyoyin jam'i masu yawa (gida da gidaje, ƙasa da ƙasashe, tunkiya da tumaki), sauyin ƙarshen aikatau (saya, sayi, saye, sayo, sayar), da karin sauti da tsawon wasali masu bambanta ma'ana.

Karin harshe ma abin kiyayewa ne. A Zazzaganci da Bausanci da Hausar zangunan Ghana ana jin "yarinya ne" a bakin manya, a Sakkwato kuma "na" da "ta" ne suke tsayawa a gurbin "ne" da "ce". Mai gwajin da ya auna yaro da daidaitacciyar Hausa kaɗai zai rubuta masa kuskure a inda ya faɗi abin da ya ji a gidansu daidai.

Ganowa

Babu gwajin jini ko na hoto da ke nuna lalurar. Masanin gyaran magana da harshe ne yake gano ta, ta hanyar tambayar iyaye da malamai, da sauraron yaro yana wasa ko yana ba da labari, da gwaje-gwajen da aka auna su a kan yara masu yawa. Ayyuka biyu sun yi fice wajen rarrabe masu lalurar da sauran yara. Ɗaya shi ne maimaita jimla: yaro ba ya iya maimaita doguwar jimla daidai in nahawunta ya fi ƙarfinsa, sai ya mayar da ita irin tasa. Ɗayan shi ne maimaita kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, daga masu gaɓa biyu zuwa masu huɗu ko biyar. Su ma dole su bi tsarin sautin harshen yaron. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa aka sami burodi da buroshi da furamare. Yaro Bahaushe da ya cusa wasali a tsakiyar kalmar ƙirƙira mai siffar Turanci ƙa'idar harshensa ya bi.

Inda babu gwajin da aka auna a harshen yaro, akan yi amfani da hanyar gwadawa, a koyar, a sake gwadawa. Yaron da bai saba da abin ba ne kawai yakan kama da sauri, mai lalurar kuwa sai an yi ta nanatawa. A Kenya an mayar da jerin kalmomin da iyaye ke cikewa zuwa Swahili da Giriyama, aka kuma sauya shi ya zama hira da baki don iyayen da ba su yi karatu ba. Tarbiyya ma tana shiga ciki: yaron da aka hore shi da kunya da sunkuyar da kai a gaban manya zai iya yin shiru a gaban baƙo, alhali a cikin 'yan'uwansa bakinsa ba ya rufuwa.

Yawan yaran da ba a gane su ba yana da girma ko a ƙasashe masu arziki. A binciken Tomblin, wanda ya tantance yara fiye da 7,000 ya sami kashi 7.4 cikin 100, kashi 29 cikin 100 ne kawai na iyayen yaran aka taɓa gaya musu cewa ɗansu yana da matsalar magana. Binciken Courtenay Norbury a Surrey ta Ingila, wanda aka wallafa a 2016, ya sami kashi 7.58, da ƙarin kashi 2.34 masu matsalar harshe mai sanannen dalili.

Taimako

Babu maganin sha ko allura ko tiyata. Taimakon koyarwa ne. Ga ƙananan yara akan horar da iyaye su bi abin da yaro ya mayar da hankali a kai, su dakata su ba shi damar amsawa, su kuma mayar masa da maganarsa a cike ba tare da tsawa ba. In ya ce "kaza gudu", sai uwa ta ce "E, kaza ta gudu, ta shiga akurki." Cibiyar Hanen da ke Toronto ta shahara da irin wannan horo. Ga manyan yara akan koyar da ƙa'idar nahawu a fili, kamar tsarin da Susan Ebbels ta ƙirƙiro a Ingila, inda ake amfani da siffofi da launuka don nuna sassan jimla. Nazarin da James Law da abokan aikinsa suka yi a 2003, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya sami hujja mai kyau cewa horon yana taimakawa wajen furuci da yawan kalmomi, amma hujjar ta yi rauni a kan matsalar fahimta. Manhajar kwamfuta mai suna Fast ForWord, wadda aka gina a kan ra'ayin Tallal aka kuma sayar da ita sosai, nazarin da aka wallafa a 2011 bai sami shaidar cewa tana aiki ba.

A aji, abubuwan da ke taimakawa ba su da tsada: gajerun umarni ɗaya bayan ɗaya, nuna abu da hannu ko da hoto, koyar da sababbin kalmomi kafin darasi, ba yaro lokaci kafin ya amsa, da sa shi ya faɗi abin da aka ce ya yi maimakon a tambaye shi ko ya gane. Duka ba ya ƙara masa fahimta.

A Najeriya masana gyaran magana kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane. Jami'ar Ibadan na cikin wuraren da ake horar da su, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo kuma tana horar da malaman yara masu buƙata ta musamman. Ana samun gwajin ji a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa.

Bayan ƙuruciya

Lalurar ba ta ƙarewa da yarinta. Maganar yau da kullum takan gyaru har ba a lura, amma wahalar tana komawa ga karatu da rubutu da dogon bayani. A wasu bincike kimanin rabin yaran suna da matsalar karatu, kuma lissafi ma yana ba su wuya, musamman wanda aka rubuta da jimloli. Sau da yawa tana haɗuwa da matsalar rashin natsuwa ko ta sarrafa gaɓɓai. Gina Conti-Ramsden ta bi yara 242 a Ingila tun suna shekara 7 a tsakiyar shekarun 1990 har suka girma. Ta sami damuwa da matsalar abota sun fi yawa a cikinsu, sakamakon jarrabawarsu kuma ya yi ƙasa da na tsararrakinsu, amma da yawa sun sami aiki sun kuma yi zaman kansu. Bincike a Birtaniya da Ostareliya ya sami matsalar harshe da ba a taɓa ganowa ba a cikin kaso mai yawa na matasan da ke gidajen gyaran hali, abin da ke da muhimmanci ga yadda ake yi musu tambayoyi a ofishin 'yan sanda da kotu.

A 2010 Bishop ta nuna cewa binciken da ake yi a kan wannan lalura ya yi kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da na otizim, duk da cewa ta fi shi yawa. Tun 2017 ƙungiyar RADLD take shirya ranar wayar da kai a kanta kowace shekara, wadda yanzu ake yi a watan Oktoba a ƙasashe da dama.